Matacin Hurera

Da sunan Wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya ba ni ƙafa, Ya yi nesa Ya yi kusa, Ya yi yunwa Ya yi tuwo. Ku gyara zama, jama'a, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu, don in na fara ba na son a katse ni. Ni ne Barmo ɗan Jatau, yawo ya haife ni, yawo ya raine ni. Na kwana a garin da ake noman inuwa, na ci kasuwa a ƙasar da rana ke fitowa sai an roƙe ta, na tsere wa abubuwan da in na faɗa za ku ce ƙarya nake yi, alhali rabinsu ne kawai ƙarya. Amma duk cikin tafiye-tafiyena babu wadda ta tsaya min a rai kamar wadda na yi saboda matata Hurera.

A Birnin Tsiyaya na aure ta, can bayan Duwatsun Ƙarfe. Gari ne mai albarka, sai dai yana da masifa guda, wani ruwan sama da suke kira Shafau. Ba kowace shekara yake zuwa ba, kuma ba ya sallama. Duk wanda ya jiƙa, to shi ke nan, sunansa da danginsa da duk abin da ya taɓa gani sun tafi. Bakinsa zai yi magana, hannunsa zai yi sana'a, amma mutumin ba ya nan.

Mutanen garin kuwa ba su zauna sun zuba wa sama ido ba. Kowace Alhamis da hantsi mutum zai ɗebi ruwa a ƙwarya, ya sunkuya ya hura numfashi a ciki, ruwan ya ɗauki kwafin duk abin da ke kansa. Sai ya juye shi ta cikin matacinsa. Kamar matacin koko yake, amma kowa da irin saƙarsa, ba a taɓa samun biyu iri ɗaya ba. Ruwan zai fito a dagule, ya faɗa wani bututu da ke tsakar gida, bututun ya tafi da shi Rumbun Nesa, inda Shafau ba ya sauka. Ko ɗigo ba a bari a gida, tunda gidan ne abin tsoron. Ranar da tsautsayi ya faɗa wa mutum, sai nasa su sa baki a bututun su ce "Maido." Ruwan ya dawo, a tace shi da matacin nan dai, ya washe, mutum ya sha ya dawo daidai yadda yake a ranar zubinsa na ƙarshe. A al'adarsu miji ke riƙe matacin matarsa, mata kuma na mijinta.

To Hurera, Allah Ya yi mata kyau, Ya yi mata hannun girki, Ya kuma yi mata kan da ba ya yar da komai. In na yi laifi da damina, da rani za ta kawo min shi da ɗuminsa. Akwai akuyarta da na yi wa wani baƙo kyauta don ya yabi rawanina. Akwai ranar da na yaba miyar maƙwabciya har da lashe yatsa. Akwai ranar da baki ya suɓuce na kira ta da sunan wata yarinya ta wani gari. Duk suna nan a jere, kuma ba ta kirana da komai sai "ɗan yawo."

Ranar da abin ya faru na shanya babbar rigata a kan katanga na shiga barcin rana. Ina jin ta tana mita, wai mutum ƙato da shi bai san ya duba sama ba. Ta fita kwaso rigar, Shafau ya sauko. Da na buɗe ido sai na gan ta tsaye a bakin ƙofa sharkaf, rigata a hannu. Ta dube ni, ta durƙusa har ƙasa.

"Sannu, Malam. Gidan nan naka ne?"

Na ce, "Nawa ne, ke kuma matata ce."

Ta ce, "To, Allah Ya ba mu zaman lafiya."

Jama'a, shaiɗan bai taɓa samun ƙofa a buɗe irin ta ranar ba. Na ce mata ai ta saba ba ni tsokar da ta fi girma. Ta ba ni. Na ce ta saba yi min fifita in na ci na ƙoshi. Ta ɗauko mafici. Maƙwabta suna leƙowa suna cewa, "Barmo, ba za ka kira Maido ba?" Ni kuma ina ce musu bututun ne ya ɗan toshe, ana kan gyara.

Daɗin bai je ko'ina ba. In na shara ƙarya, sai ta ce, "Haka ne, Malam." In na ce na taɓa kayar da zaki da mari, sai ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam." To ina amfanin ƙarya in babu mai ƙaryata ka? Tuwon nan shi ne, miyar nan ita ce, amma sai in ji kamar a gidan baƙi nake ci. Na wayi gari ina kewar matata alhali tana zaune a gabana tana min fifita, kuma abin ya dame ni ƙwarai.

Nan ne wata dabara ta faɗo min, irin dabarar da ke zuwa wa mutum in ya ƙoshi. Na ce zan dawo da Hurera, amma ba duka ba. In je Rumbun Nesa da ƙafata, in shiga, in nemo tulun da ake tara ruwanta, in tace, in tsame akuya da miyar maƙwabciya da sunan yarinyar can, sannan in dawo in kira sauran. Na kai ta gidan ƙanwar babanta, Gwaggo Laraba, na cusa matacin a cikin hulata, na bi bututu na nufi gabas.

Na yi tafiya har takalmina ya gaji ya bar ni a hanya. Wata rana da azahar na gangara wani kwari, sai na ga mutane a kwance birjik a gefen bututun, kowa ya huda shi da ƙaya ya tara harshe. Su ne Maɗanɗana. Tun kakanninsu sana'arsu ke nan, lasar ruwan mutane don su ji sirrinsu, kuma tun kakannin nasu ba su taɓa tsintar kalma ɗaya da ta fito sarai ba. Amma in ka ji suna gardama sai ka rantse sun san komai.

Wani ya lasa ya ce, "Wannan ɗacin, shirin yaƙi ne."

Na kusa da shi ya ce, "Kai dai harshenka ya mutu. Wannan wurin da aka binne zinariya ne."

Kafin in lallaɓa in wuce suka yi caraf da ni, suka kai ni gaban sarkinsu, wani mai tumbi da ake kira Lasau. Aka ce in cire hula in yi gaisuwa. Na cire, mataci ya faɗo. Lasau ya ɗauke shi da hannu biyu, don a tarihinsu ba a taɓa kawo musu mataci har gida ba.

Na yi abin da ban saba ba, na faɗi gaskiya. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan na mutum ɗaya ne. Ruwan mai shi kaɗai yake warwarewa, kuma nata ya daɗe da wucewa."

Ya ce, "Ƙarya kake yi."

Kun ji fa. Sau ɗaya na gwada gaskiya a ƙasar waje, ga sakamakon da na samu. Na ga in na ci gaba kaina zai rabu da wuyana, sai na koma sana'ata. Na ce, "Ka kama ni, ranka ya daɗe. Yana aiki, amma kaɗan ba ya kamawa, sai an cika ciki. Kuma sirrin birni guda ya fi ƙarfin kai ɗaya, a ba fadawa su taya ka ɗauka."

Aka tara ruwan birni guda a babbar ƙwarya, aka tace da matacin da ba nasa ba, suka sha har suna gyatsa. Ba a jima ba Lasau ya fara shafa bayansa yana waige-waige. Ya ce, "Wa ya sauke min goyo? Lokacin nononta ya yi." Shugaban dakarunsa ya ja mayafin wani ya rufe fuska, wai shi amarya ne, kunya yake ji. Wasu dattawa biyu suka shaƙe juna a kan iyakar gonar da ba su taɓa gani ba. Na sunkuya na ɗauki matacina, na karkaɗe, na mai da shi hula. Ina hawa tudu ina jin Lasau yana kirana, wai don Allah in na ga mai kanwa in turo masa ita, zai dama kunun jego.

Daga nan na ratsa Filin Gishiri, inda inuwar mutum ke gajiya ta zauna sai ya dawo ya lallashe ta. Na haye wani kogi a bayan kunkuru mai yawan tambaya. A ƙarshe na hango Rumbun Nesa. Dutse ne guda, ya tokare sama, santsi kamar ƙwai, babu ƙofa babu taga. Bututai daga garuruwa suna shiga ta ƙarƙashinsa. A gabansa ga wani ƙato na dutse a zaune, ido ɗaya, kunne ɗaya, da baki.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne unguwa guda da na tarar a wurin, bukkoki da rumfuna, maza zaune jugum-jugum. Wata tsohuwa, Iya Dudu, tana suyar ƙosai. Ta dube ni daga hula har tsagaggiyar dunduniya.

"Kai kuma me ka zo gogewa?"

Na ce, "Iya, wa ya ce miki gogewa na zo yi?"

"Ɗan nan, mai son a maido masa yana kira daga tsakar gidansa. Duk wanda ka ga ya tako har nan, akwai abin da yake so ya ɓata. Waɗancan duk 'yan'uwanka ne, kunyar komawa ce ta zaunar da su."

Ta ba ni ƙosai, ta ba ni labari. Ta ce da can mai gadin mutum ne, mai jin magana da tausayi. Wani ya zo da daɗin baki ya shige, ya tuntsurar da tulun abokin gabarsa. Shi ne magina suka toshe ƙofar, suka sassaƙa wannan, suka sa masa kalma uku a kunne suka liƙe sauran: Ajiye, Maido, Yaushe. Za ka nuna wa idonsa bakin mataci ya gane tulun da kake nufi, ka faɗi ɗaya daga ciki, shi ke nan. Ta ce shi kansa bai san abin da yake gadi ba, dagulallen ruwa ne a wurinsa. Ta kuma gargaɗe ni kada in kuskura in ce Maido a nan, don ba ya miƙa wa kowa a hannu, gida zai tura ruwan ya malale a tsakar gida babu mai tara.

Na ce, "Iya, ba ki san Barmo ba ne. Ni da na sa sarki neman kunun jego?"

Ta ce, "Je ka, ƙosai na nan in ka dawo."

Na je gabansa na gyara riga, na yi sallama. Bakin dutsen ya buɗe, murya ta fito kamar ana jan turmi a ƙasa.

"Ba a ba ni wannan ba."

Na ce to, ba ya amsa sallama, bari in yi masa kirari. Na kira shi gagara-gasa, na kira shi uban duwatsu, na yabi idonsa har na ce ya fi na barewa. Ya ce, "Ba a ba ni wannan ba." Na ce ni jikan maginin da ya sassaƙa shi ne, an aiko ni duba tsaga. Amsar ita ce dai. Na kwanta na yi birgima, na ce matata na bakin mutuwa. Ko gezau. Na gwada ɓoye buƙatata a bayan kalmar da ya sani, na ce, "Ajiye, amma kafin nan ka zubar da na daminar bara." Ya haɗa da Ajiyen ya watsar. Na gwada hawa rumbun ta baya, na zamo na faɗo a kan rumfar wani, maza suka yi dariyar da suka daɗe ba su yi ba. Wallahi na yi hulɗa da aljanu da 'yan fashi da surukai, ban taɓa gamuwa da abin da ya ƙona min rai irin dutsen nan ba. Ba ya fushi balle ka ja shi da faɗa.

Da la'asar na gaji liƙis. Kalma ɗaya ta rage da zan iya faɗa ba tare da ɓarna ba, sai na ce bari dai in ji bakinsa ya faɗi wani abu dabam kafin in tafi. Na ɗaga matacin a gaban idonsa na ce, "Yaushe."

Ya ce, "Zubin ƙarshe, Alhamis ɗin farkon sussukar gero."

Na juya zan tafi, sai ƙafata ta tsaya. Farkon sussukar gero. Inna Yalwa, mahaifiyar Hurera, ranar Asabar ɗin da ta biyo baya ta rasu. Kuma a Birnin Tsiyaya wanda aka yi wa rasuwa ba ya zuba ruwa sai hawayensa sun bushe, don sun ce ruwan mai kuka gishiri gare shi, yana cin bututu. Hurera ba ta sake zubawa ba har Shafau ya same ta. Ke nan matar da ke cikin tulun can ba ta san uwarta ta mutu ba. Na ratso duniya don in tsame akuya da miya, ga shi abin da ya fi kowanne ciwo ba ya ma cikin ruwan, ni ne zan zuba mata shi da bakina.

Na koma wurin Iya Dudu na zauna. Ta ga fuskata, ba ta tsokane ni ba. Ta ƙulle min ƙosai a ganye ta ce, "Kai dai kada ka gina bukka a nan."

Na kama hanyar gida, na zagaye kwarin Maɗanɗana ta nesa. Duk tsawon hanyar tunani ɗaya nake juyawa. In na bar ta yadda take, ba ta da uwa balle ta rasa ta. In na kira ruwan, zan dawo da matata in kuma kashe mata uwa a rana ɗaya. Na kasa yankewa, sai na ga ai ba ni ya kamata in yanke ba.

Na ɗauko ta daga gidan Gwaggo Laraba, muka zauna a tsakar gida kusa da bututun. Na faɗa mata komai, har da ƙaryar tsoka da ta fifita. Na ce, "Akwai wata mata a cikin ruwan can, ke ce. Ta fi ki faɗa nesa ba kusa ba, kuma ni ita nake so. Amma in kin sha, yau za ki yi kukan da kika riga kika yi sau ɗaya. In kin ce a bari, an bari."

Ta murza bakin zaninta. Can ta ce, "Malam, tun da ka tafi mata ke shigowa gidan Gwaggo suna ce min ya haƙuri. Ina cewa da godiya, ban san haƙurin wa nake yi ba. Gara in san wadda ake min gaisuwarta."

Na ce ta ba ni ɗan lokaci. Na shiga na yi 'yan gyare-gyare a bakin ƙofa, na aika a kira Gwaggo Laraba ta tsaya a zaure. Sannan na sa baki a bututun na ce, "Maido." Ya yi gurnani, ruwa ya taho a dagule, na tara mataci, ya sauka a ƙwarya garau. Ta ɗauka da hannu biyu ta shanye.

Ta ajiye ƙwaryar. Ta dube ni, girar nan ta hagu ta ɗaga.

"Ɗan yawo, wa ya ce ka taɓa min mataci da wannan ƙazamin hannun? Dubi yadda ya yi daƙal-daƙal, a hula ka sa shi ko me? Kai, ina ka je ka rame haka kamar kazar da ta sha ruwa? Kuma kada ka ga ina tambayar lafiyarka ka ɗauka na manta da akuyata."

Na fashe da dariya, hawaye na zuba. Ta ce dama ta san wata rana sai na haukace. Na ce ta ƙara, ta ce ba don ni take yi ba. Ta zagaya tsakar gida tana duba abin da na lalata, ta sami tsintsiya a inda ba nan take ba, ta yi min wankin babban bargo a kanta, ni kuwa ina zaune ina sha kamar fura.

Sai ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ɗauki ƙaramin kwano.

"Bari in leƙa Inna. Jiya ta ce kanta na sara mata, in ga ko ta iya cin wani abu."

Ta nufi ƙofa. Na riga ta, na tsaya a gabanta. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta dubi idona, ta rufe.

A karon farko da aka kawo mata labarin nan, a daidai wurin take tsaye, ƙafafunta suka saki, ta bugi goshi da gindin randa har ya fashe. Ita ba ta san an yi haka ba, ni na sani. Shi ya sa na riga na janye randar, na shimfiɗa tabarma biyu a wurin.

Na karɓi kwanon daga hannunta na ajiye, na riƙe kafaɗunta, na faɗa mata.